Aron yashin bakin teku

Ba zan manta da Sallar da aka kawo mana teku Gumel ba. Shekarar da aka rufe bodar Maigatari ce, damina ɗaya bayan ruwa ya ci katangar gidanmu. Lokacin ni, Iya Tabawa, ni ce shugabar masu shara a wani wurin shaƙatawa na bayan gari.

Ɗan mai wurin ne ya je Legas ya ga mutane kwance a yashi bakin ruwa, ya dawo ya ce sai an yi mana irinsa na kwanakin Sallah. Aka yashe kududdufin da ke bayanmu, tifa ta yi ta jido farin yashi daga kogin Haɗeja, aka kafa laimomi da kujeru. Mu da rairayi ke shigar mana tuwo, yau ga shi an sayo mana wani.

Manaja Sabi'u ya kira ni ofis. Ya ce, “Iya, aikinki ki baje shi da safe, ki tsince datti, ki tsare shi. In ya ragu, a bakin aikinki.”

Abin da bai sani ba, rairayinmu laushi gare shi kamar gari, ba ya suyar gyaɗa. Yashin kogi mai tsakuwa shi ne na suya, kuma duk matan unguwa sun ga shigowarsa. Washegari da sassafe ga Delu mai gyaɗa, ƙawata tun muna ƴan mata, da kwanonta.

Na ce, “Delu, na teku ne.”

Ta ce, “Tabawa, a garin nan an taɓa hana wuta, ko ruwa, ko ƙasa? Ko albashi ya mai da ke Baturiya?”

Maganar ta shige ni. Na ce, “Kyauta babu. Aro dai. Ki soya, ki dawo da shi kafin la'asar, kwano cike.”

Kafin azahar labari ya bazu, masu aro suna zuwa har daga garin Gagarawa Tasha. Kuma amana, kowa ta dawo da nata. Sai dai yashin da ya sha wuta baƙi yake dawowa. Ina sa manjagara ina cakuɗa shi da farin, kafin kwana uku bakin tekunmu ya koma kamar bayan zabuwa, ga ƙamshin gyaɗa har titi.

A ranar nan Alhaji mai wurin ya zo da baƙinsa. Ya zauna ya tura hannu cikin yashi, sai ga gyaɗa. Manaja ya kalle ni.

Alhaji ya ce, “Iya, tekun nawa har ya fara haihuwa?”

Na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, cewa aka yi kar ya ragu. A auna.”

Ya ɓare gyaɗar ya jefa a baki. Ya ce ta ji wuta daidai, a bar mai ita ta kafa tire a bakin ƙofa. Aikina ya tsira.

Ku yara masu shigowa aiki, mai tsaron kaya a garinsu iyayen gida biyu gare shi: mai biyan albashi, da masu zuwa wankan gawarsa. Kada ku ɓata da ko ɗaya.

Alhaji ya rasu. Manaja yana garin Ɗanzomo yana noman riɗi. Delu ta riga ni, ni na yi mata wanka. Saura ni da kududdufin.