Kart mer ɗin da na sayo wa Isuhu

Shekara bakwai ke nan da anka rufe ƙanena Isuhu a ramin zinari can arewa, ba mu ko ga gawatai ba. Ni direba ne, Filinge zuwa Yamai, ban yi nisa a lakwal, wato boko, ba. Wanda ya iya rubutu ya yi mani haƙuri.

Isuhu na da shago kusa da kasuwa, yana haɗa bidiyon biki da suna a odinatar, wato kwamfuta. Injin nan nawa gare shi kamar jakin da ya sha kaya. Bikin awa guda sai ya cinye wuni. Mutanen Damana da Bonkuku sunka fara kai aikinsu Yamai.

Sai ya saida ragunansa biyu ya sayi sabon purosesar, wato ƙwaƙwalwar injin. Ya ce mani, "Yaya, sauran duk da dabaibayi aka saida su. Wanga an kwance mashi. Akwai wata lamba ciki, in na ɗaga ta sai ya ƙara gudu." Har babbar fanka ya tanada saboda zafin garinmu. Saura kart mer, faifan da ake ɗora ƙwaƙwalwar bisa. Ya ce ba kowane ka yarda a taɓa lambar ba. Ya rubuta mani sunan wanda yake so a takarda, ya ce kar in canza.

A Yamai mai shagon kayan odinatar ya aje mani biyu. Girma ɗaya, launi ɗaya, ɗaya ya fi araha. Na yi abin da nika yi a kasuwar awaki: na juya, na ɗaga, na ce ba a cutata da suna. Na ɗauko mai arahar, ina jin na yi wayo.

Isuhu ya haɗa, ya kunna, ya shiga wurin lambar. Ya danna, ya sake dannawa. Ba ta motsa ba. Ya daɗe yana duban kwalin.

"Yaya, wanga sunka ba ka?"

"Shi kaɗai ya rage," in ji ni.

"To, ba komi."

Injin ya ɗan fi da, amma ba abin da ya saida raguna dominsa ba. Mai shagon ba ya karɓar abin da anka buɗe. Aiki ya ci gaba da zarcewa Yamai, cikin motata ma wani lokaci. Bayan damina Isuhu ya rufe shago ya bi ƴan zinari.

Yau kowa na yanka bidiyo a wayar hannu, har da waƙa bisa, kafin amarya ta kai ɗaki. Da Isuhu na nan ban san ko dariya zai yi ba ko tsaki. Na fi zaton zai karɓi wayar ya tambaya ina aka ɗaure ta. Wani mai gyara ya ce mani ko da na sayo na daidai, ƙarin gudun ba shi da yawa, ba zai riƙe shago ba. Mutane kuma na ce mani ajali ne. Ban musa ajali ba. Amma ajali bai ce "shi kaɗai ya rage" ba. Ni na ce.

Bara Hadiza, matar Isuhu, ta kawo mani injin, ta ce ya tsare mata ɗaki. Tana fita ta juyo.

"Yaya, ka san ranar nan ya kira mai shagon? Mutumin ya ce mashi duka biyun akwai."

Wata biyar Isuhu ya yi bayan ranar nan yana gaishe ni da safe, yana cin tuwo kwano ɗaya da ni, bai ɗaga maganar ba. Ba shago ya bari ba, ba ɗa. Abin da ya rage mani nashi shi ne "ba komi" ɗin nan, kuma na fi son da zagina ya yi.