Gindin Turmina a Ƙarƙashin Lori

Turmin nan uwarmu ce ta saye shi a Sudan, a shekarun da muka tsaya cirar auduga kafin mu ƙetaro teku. Na ƙirya ne, baƙi, mai nauyin tsiya. Da ta rasu ya zama nawa, kuma da shi na ci abinci a unguwarmu ta Jarwal, a Makka. Matan Larabawa kan aiko da alkama da barkono da kayan ƙanshin girki, in daka, in tankaɗe, in mayar musu.

Mai daka da kunne take aiki. Turmi mai lafiya, in taɓarya ta sauka, daga can cikinsa yake amsawa, ƙum, har ki ji a tafin ƙafarki. Wata safiya nawa ya canza murya. Na juye barkonon, na kai shi rana, na ga tsaga siririya kamar gashi ta taso daga baki ta gangara har gindi. Na narka ƙaro na ɗura, na ɗaure shi da fata, ya ƙara mini wata shida. Daga nan na kife shi a kusurwar tsakar gida, kaji suna hawa.

Ƙanena a gidana yake zaune, shi da matarsa. Ni na goya shi a hanyar zuwa, tun bai iya cewa ruwa ba. Ya girma ya zama direba, yana jan wata lori ta wani ɗan kasuwa, irin waɗanda sojojin Turawa suka bari bayan babban yaƙinsu. In ba lokacin aikin Hajji ba, yakan shiga kwaruruka ya ɗauko gawayi da kankana. Can babu kwalta. Yashi ne da duwatsu, kuma kullum kukansa ɗaya: cikin motar yana zama a kan yashi, ƙafafu suna juyawa a banza, sai an yini ana tono.

Direbobi sun samo wa abin magani. Ƙarƙashin kowace lori akwai faifayen ƙarfe da aka jera, sifirin, nan Makka susta ake cewa. A kansu nauyin mota yake. Wasu sukan sa a ƙara musu faifai. Wasu kuma sai su ɗaga motar da jak, su cusa guntun abu tsakanin susta da ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya, su ɗaure da dogon ƙarfe mai lanƙwasa. Motar sai ta tashi daga ƙasa.

Ban san ƙanena ya ɗauki turmin ba sai da na ga gurbinsa, zagayen ƙasa mai laima da kyankyasai suna gudu. Matarsa ta ce ya fita da shi tun safe a kafaɗa. Da yamma na ji lori ta shigo lungu, na leƙa. Ta ƙara tsawo kamar taƙi guda. Da ya karya kwana wajen rijiyar unguwa, sai bodin ya kwanta gefe ɗaya kamar raƙumi zai tashi, ya jima kafin ya dawo daidai. Babu kaya a ciki, ko buhu ɗaya. Sai da na dafa bango.

Ya sauko yana murmushi, ya nuna mini. Gindin turmina ne aka yanka gida biyu da zarto, aka sassaƙe, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Na gaya masa itacen nan a tsage yake. Ya ce ya duba, bakin ne ya tsage, gindin lafiya lau, kuma ƙirya ta fi wani ƙarfen ma.

"Yaya, yaushe kika zama muhandis?" ya ce, yana nufin injiniya. "Ki bar mu da mota, mu bar ki da barkono."

Na ce masa ni na ɗura wa tsagar ƙaro da hannuna, na san inda ta tsaya. Ya ce to, ya ji. Irin "to" ɗin da ake yi wa tsohuwa, alhali shekara tara kawai na ba shi.

Wata biyu ya yi yana shiga kwari da ita, ba ta kafe ko sau ɗaya ba. Kullum ya dawo sai ya tsaya ƙofar ɗakina ya ce turmina yana gaishe ni. Ni kuwa tun daga lokacin, in ya fita, rabin hankalina yana kan hanya. Ina daka ina kasa kunne. Sau biyu na zuba wa wata mata gishiri a cikin kirfa.

Sai watan Hajji ya matso, ɗan kasuwan ya ce a kafa benci a bayan lorin, za ta yi jigilar alhazai zuwa Mina da Arfa. Nan ne abin ya wuce wasa. Gawayi in ya kife, a kwashe. Amma na san waɗanda za su hau bencin nan, don wasu a lungunmu suka sauka. Akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar Sakkwato da ta ce mini ta bar gida da baƙin gashi. Za a jera irinta a sama, a ɗora tantuna da tulunan ruwa a bisa kan direba, duk a kan itacen da ni na san ya mutu.

Kafin a bar mota ta ɗauki alhazai, sai hukuma ta duba ta, an buga mata alama a ƙofa. Lokacin ban iya karatu ba, sai da na haura hamsin na zauna gaban allo, don haka ba zan ce ga abin da aka rubuta a dokar ba. Abin da direbobi ke faɗa a bakin shayi shi ne, mota ta zo yadda maƙeranta suka yi ta. In an ƙara ƙarfe a hannun usta, wato babban makanike, kuma an nuna, akan ɗaga ƙafa. In aka kama katako, an karɓe takardar tuƙin mutum ke nan. Mu kuma ba haihuwar nan ba ne. Wanda aka karɓe wa takarda ɗaya, sai a fara tambayarsa sauran, kuma mun ga waɗanda tambayar ta kai su bakin jirgi a Jidda.

Ana gobe dubawa na sami ƙanena kwance ƙarƙashin motar da rana tsaka, yana shafa wa itacen baƙin mai. Ya shafe, ya watsa ƙura, ya sake shafawa, har ya koma kamar tsohon ƙarfe. Ya ce kowa haka yake yi. Na ce ni ba kowa na goya ba.

Na bi shi filin dubawar da kwanon abinci, don in sami hujjar tsayawa. Motoci sun yi layi. Mai dubawa wani siriri ne da gilashi da ƙaramar guduma, askar biyu, wato 'yan sanda, suna bin sa. Ya taka birki, ya kunna fitila, ya girgiza benci. Ya duƙa ya leƙa ƙasa. Ina tsaye taku goma daga wurin, da kwanon a hannuna. Ya buga gudumarsa a kan susta, ta yi ƙara irin ta ƙarfe. Da ya matsar da hannunsa ɗan yatsa huɗu, da ya ji muryar turmina. Bai matsar ba. Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya gan ni.

"Hajja, akwai magana?"

Akwai. Tana bakina. Na dubi ƙanena, na ga gumi yana sauka daga kunnensa, na tuna jirgin Jidda. Na ce abinci na kawo masa. Aka buga alama a ƙofa.

Na sha faɗa da mutane a rayuwata, har da mai gidan da muke haya da limamin lungu, ban taɓa jin kunyar abin da na faɗa ba. Wannan shirun shi ne nake jin kunya har yau. Kuma da za a mayar da ni filin, ban tabbata zan buɗe baki ba.

Ƙanena ya dawo gida yana rawar kafaɗa. Ya ce ga shi hukuma da kanta ta duba ta ce lafiya, saura me? Na ce hukuma ba ta taɓa daka a turmin ba. Kwana uku ban iya cin abin kirki ba. Tsohuwar nan ta Sakkwato ta shigo aron wuta, tana murna an ce mata a motar ƙanena za ta tafi, ɗan gida, ba za a wulaƙanta ta ba. Ta yi masa addu'a mai tsawo, ni ina cewa amin. Na je wurin matarsa ko za ta yi masa magana, ta ce ta yi, ya ce mu haɗa kai mu buɗe gareji.

Ran shida ga wata, saura kwana biyu a fita Mina, na gama dakan safe, na ɗauki taɓaryata, na yafa mayafi. Motocin suna wani fili bayan unguwar Hindawiyya, inda ustan yake da rumfa. Na tarar da direbobi sun kewaye butar shayi. Wani ya ce ko an kawo musu sakwara ne. Ban kula shi ba. Na je bayan lorin na durƙusa, na shige da kaina ƙarƙashi, na riƙe taɓaryar a kwance.

Ƙanena ya taso da sauri yana cewa in fito, ina ba shi kunya. Na ce masa ya yi shiru ya saurara, shi da duk mai kunne a wurin. Na bugi na dama a hankali. Ya amsa, ƙum. Na ja jiki zuwa na hagu, na buga daidai yadda na bugi wancan. Ya ce ɓaf, kamar an mari jiƙaƙƙen tsumma.

Dariyar ta ragu. Ustan, wani dattijo Bayamane mai guntun gemu, ya ajiye kofinsa ya ce in sake. Na sake. Sannan na ja taɓaryar baya iya tsawon hannuna, na sauke ta da ƙarfin da nake sauke wa busasshiyar citta. A bugu na uku gefen itacen ya ɓalle ya faɗi a ƙasa, girman tafin hannu. Ustan ya ɗauka ya juya shi. Waje baƙi ne da mai. Fuskar da ta rabu kuwa tana ƙyalli da busasshen ƙaro, wanda na ɗura shekara biyu da suka wuce, ya bi tsagar har can.

Ustan ya kankare ƙaron da farce, ya shinshina, ya miƙa wa ƙanena. Bai yi masa faɗa ba. Ya ce a kawo jak.

Ba a sami faifan ƙarfe ba, ko'ina an saye saboda Hajji. Dole aka cire duka biyun, motar ta koma ƙasa yadda take. Ƙanena ya ce da na bar shi, da itacen ya kai shi ya dawo, tunda ƙarfe ya matse shi ta ko'ina, ni ce na fasa da hannuna. Wataƙila gaskiyarsa. Ba ni da hanyar sani, shi ma ba shi da ita. Na ga motocin da suka je da katako suka dawo lafiya, na kuma ga ɗaya kwance a gefen hanyar Mina, ƙafafu a sama, ba wanda ya gaya mini me ya kayar da ita.

Lorin ta kafe sau biyu a yashin hanyar Arfa. Alhazai suka sauko cikin harami suna turi a rana, tsohuwar nan ma ta sa hannu. Da ƙyar suka isa kafin la'asar. Ɗan kasuwan ya ji labari, ya yi wa ƙanena wankin babban bargo a gaban mutane. Suka dawo duka, ba wanda ya rasa ko farce, amma ƙanena ya ɗauke mini magana. Yana cin tuwona, yana gaishe ni a taƙaice, shi ke nan. Direbobi kuma suka sa masa suna ƙanen mai taɓarya, ya bi shi har tsufa.

Bayan Muharram ustan ya samo faifai, ya ƙara masa biyu a kowane gefe, suka kai aka duba aka rubuta. Motar ta sake tashi. Takarda ta yarda da ita, amma a kwanar rijiya tana nan tana kwanciya gefe, ni kuma ina nan ina dafa bango. Na ce wa ƙanena ya riƙa sa masu nauyi a ƙasa, ya daina jibga tuluna a sama. Daga baya na ga ya sauko da tulunan.

Wata ranar Juma'a ya dawo daga Jidda da sabon turmi a kafaɗa, ya dire a tsakar gida, ya ce ga bashin muhandis. Ita ce doguwar maganar da ya fara yi mini tun Hajji. Na ɗauko taɓarya na sauke sau ɗaya, na kasa kunne. Na ce masa ɗanye ne, ba a bar shi ya bushe ba, zai tsage kafin azumi, ya mayar. Ya tsaya yana kallona. Sannan ya sunkuya ya ɗauka.