Na Rufe Makeron 'Yata da Kitso

Likitar ta ce in matso in gani da idona. Ta ɗora wani ɗan madubi mai fitila a kan 'yata, ta haɗa shi da wayarta, sai ga fatar kan ta fito ƙatuwa. Gashin duk ya kakkarye, guntayen sun lanƙwashe kamar ƙugiya, wasu sun murɗe. Ta ce makero ne, yana cin gashin daga ciki, kuma ya daɗe. Sai ta tambaye ni me na shafa mata. 

Ni mai kitso ce, ina da ɗan salon a unguwar Bracodi. Ranar da na ga tabon farko a kan yarinyar, ba lafiyarta na fara tunawa ba, masu zuwa kitso na tuna. Wa za ta miƙa kanta ga wadda 'yarta ke da makero? Sai na jawo gashin gefe na rufe wurin, na ƙara meshi, wato gashin kanti, na ja kitson tam. Ya yi kyau, har ana yabawa. Wata mai sayar da man ƙara haske kusa da tashar mota ta ba ni wani man shafawa, pomad, ta ce ƙaiƙayin zai tsaya. Ya tsaya kuwa. Inna ta yi ta cewa in kai yarinyar asibiti, ni kuma na ce mata ta bar ni, gyaran kai dai sana'ata ce. Sai da wurin ya kumbura yana ruwa, yarinyar na kuka in an taɓa ɗankwalinta, sannan na kwance kitson. Gashi ya biyo hannuna. Ko salon ban rufe ba muka kama hanyar asibitin Treichville.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce pomad ɗin nan kwantar da ƙaiƙayi kawai yake yi, cutar kuma ta samu wuri ta bazu. Ta kankari fatar don gwaji, ta rubuta maganin sha na makonni, ta ce in wanke matazaina, in gaya wa iyayen yaran da na yi wa kitso. Abin da na ɓoye, da bakina na bi gida-gida na faɗa. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne wani wuri da ta nuna mini a tsakiya, sumul, ba ko ramin gashi. Ta ce nan da wuya ya sake fitowa.

Yarinyar ta warke, alhamdulillahi. Gashi ya dawo ko'ina ban da nan. 'Yan uwana mata, in kun ga tabo a kan yaro kar ku rufe, kar ku sayi pomad a tebur, ku kai a duba tun yana ƙarami. Jiya ina yi mata kitso ta sa yatsa a wurin, ta tambaye ni yaushe zai fito. Ku da kuke iyaye, me zan ce mata?