Karkatacciyar Feda

Yayata ta girme ni da shekara shida, kuma tun muna yara na san hannunta ba ya zama wuri ɗaya. Ita ta kwance rediyon babanmu don ta ga inda masu magana suke zaune, ta mayar da shi, noti uku suka rage mata a hannu. Da ta girma aka kai ta koyon ɗinki, ta yi shekara goma sha huɗu a shagon wata tela. Ɗinkin nata dai ba yabo ba fallasa, ni kaina in ta karɓi yadina sai na yi ta addu'a. Amma da zarar keken ɗinki ya tsaya a shagon, kafin a aika kiran mai gyara ta riga ta tsuguna a ƙarƙashinsa. Shi ya sa muke tsokanarta da Injiniya.

Tana da shekara arba'in da ɗaya ta ce ta bar ɗinki, gyaran keken ɗinki za ta koya. Wai wani keke ne aka kai gyara daga shagonsu ya dawo yana tafiya sumul, ta kasa gane abin da aka yi masa, abin ya tsaya mata a rai. Mako biyu tana bin teloli tana tambaya, har aka kwatanta mata wani tsoho a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, bayan layin masu sayar da yadi. Na raka ta ranar farko, don ni ma akwai ni da son jin ƙwaƙwaf. Ɗaki ne da in ka buɗe hannuwa za ka taɓa bango biyu. Kawunan kekuna a jere a kan kanta, gwangwanayen madara cike da noti, benci ɗaya a bakin ƙofa, ko'ina warin mai.

Baba mai gyara bai ko ɗago kai ba ya ce ba ya ɗaukar masu koyo. Huɗu ya koya wa, kowanne da ya iya canza bel, igiyar da ke juya keken, sai ya gudu ya buɗe shago yana lalata kekunan mutane da sunansa. Ga shi idonsa ya fara hazo, ƙarshen shekara zai rufe wurin, telolinsa kowa ya nemi mai yi masa. Yaya ta ce to ya bar ta ta riƙa zama a benci kawai. Ya ce bencin na mai gida ne, shi ba ruwansa.

Ta riƙe wannan a matsayin izini. Kullum tana can, tana ware masa noti manya da ƙanana, tana miƙa sukundireba kafin ya nema. Wata takwas ya rage shekarar ta ƙare, kuma ta san in bai amince da hannunta kafin nan ba, shi ke nan, ta bar ɗinki a banza, telolin da ya yi shekara arba'in yana yi wa aiki za su watse.

Abin da ya ɗaure mata kai, kuma ya ɗaure min, Baba ba ya bayani, tambaya yake yi. In aka kawo keke sai ya tsare ɗan aike: mai keken dogo ne ko gajere, wane irin yadi ya fi ɗinkawa, mai gaggawa ne, a ina taga take a shagonsa. Yaya ta dawo gida ta ce min tsohon nan gulma ta yi masa yawa. Na ce ko dai aure yake nema wa wani. Muka yi dariyarmu, ba wadda ta ƙara tunani a kai. A hankali ya fara barinta ta wanke kan keke, ta sa mai, ta daidaita kwarkwaro, ɗan abin nan da zaren ƙasa yake naɗe a jiki. In ta yi daidai ba ya yabo, shayinsa kawai yake tura mata rabi.

A wata na biyar aka ba shi ranar ganin likitan ido. Da safen nan aka kawo keken wata dattijuwa da ake kira Goggo mai yunifom, saboda kayan 'yan makaranta take ɗinkawa. Zare kawai yake tsinkewa. Baba ya ce Yaya ta duba zaren, ya tafi. Cikin minti goma ta gama, sai idonta ya sauka ƙasa. Feda a karkace, bel a sake, wani noti an sa masa katako a ƙarƙashi. Ta yi mamakin yadda Baba ya bar irin wannan ɓarna. Ta zage ta miƙe fedar, ta ɗaure bel, ta jefar da katakon, keke ya koma kamar yau aka fito da shi daga kwali. Ranar ta shigo gida tana taku ɗaiɗai, har na tambaye ta ko an ba ta sarauta.

Bayan kwana biyu Goggo ta zo da kanta, tana dogara sanda. Ashe ƙafarta ta dama ta taɓa karyewa shekara ashirin da suka wuce, ba ta lanƙwasuwa sosai. Baba ne ya karkata fedar don ta dace da ƙafar, ya sassauta bel don kada keken ya fi ƙarfinta. Yanzu in ta taka sau goma sai gwiwa ta riƙe, ga riguna sittin makaranta na jira. Yaya ta ce min ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Baba bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. Akwatin kayan aiki ya tura gabanta.

"Je ki mayar da shi."

"Baba, ban auna yadda yake a da ba."

"Ni ma ban auna ba. Kallonta na yi tana ɗinki."

Kwana uku Yaya ta yi a ɗakin Goggo, zaune a ƙasa tana kallon ƙafa. Goggo ta taka, ta tsaya, Yaya ta juya noti kaɗan, a sake. A rana ta biyu ta lura da abin da ba wanda ya faɗa mata: dattijuwar ta daina dogara da ƙafar dama tuntuni, hagu ce ke yin aikin, tana miƙo ta a kaikaice. Gyaran Baba na ƙafar shekara ashirin baya ne. Ta daɗe tana shawara da zuciyarta, don an ce ta mayar ne, ba a ce ta yi dabara ba. Daga ƙarshe ta karkata fedar ɗaya ɓangaren, ta rage tsawon kujera da yatsa biyu. Goggo ta ɗinka riga huɗu a jere ba ta tsaya ba.

Yaya ba ta ɓoye masa ba. Baba ya ce ta kai shi ya gani. Ya zauna a kujerar Goggo, ya shafa fedar da hannu, ya taka, ya ce wannan ba gyaransa ba ne. Goggo ta ce ita dai ta yi shekaru ba ta tashi daga keke gwiwarta lafiya ba sai jiya. Baba ya miƙe. Suka fito, Yaya na biye da shi da akwati, ta riga ta sallama cewa korarta zai yi.

A bakin titi ya tsaya ya ce gobe ta zo da wuri, za su fara zagaya telolinsa ɗaya bayan ɗaya, ta zauna ta ga yadda kowa yake ɗinki kafin ya rufe. Suka ɗan yi gaba, ya sake tsayawa.

"'Yata, yaya aka yi kika gane hagu ce?"

Ta ce takalmin hagun ne ya fi cinyewa ta gefe, daga nan ta fara lura.

"Shekara nawa ina zuwa gidan nan ban lura ba," in ji shi. "Mu koma ki nuna min."

Suka juya. Yaya ta ce min hawaye ne suka cika mata ido, sai ta bar shi ya yi gaba don kada ya ji a muryarta.