Busasshiyar Auta

In ka hau motar Dutsi daga Daura ka ce a sauke ka a Busasshiyar Auta, direba ba zai tambaye ka ina ne ba. Zai tsaya a bakin wata gona da babu ko kara a cikinta, sai wani allo mai tsatsa da ƙatuwar tsamiya wadda ta mutu a tsaye. Autan da ake faɗa shi ne Ya'u, taubashina, ɗan Kawu Maliki wan mahaifiyata. Na san shi tun yana yawo ba wando, don haka kada wani ya ce ƙage nake masa.

Ya'u ne kaɗai namiji a gidansu, kuma a ƙarshe ya zo, bayan mata. Mahaifiyarsa, Inna Laraba, ta goya shi har ƙafafunsa suna jan ƙasa. In Kawu ya saɓa fartanya ya ce ya biyo shi gona, sai ta ce a'a, rana ta take, Auta ba ya son rana. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Gonar Kawu Maliki tana bayan gidansu ne, ta miƙe har bakin titi, kuma cike take da gawo. Ba dasa su ya yi ba. Lokacin sharar gona, in ya tarar da tohon gawo, sai ya rage masa rassa ya bar miƙaƙƙe guda, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Haka duk sa'o'insa suke yi. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ya zama taki, gero ya samu rana. Da rani ya yi ganye, dabbobi su samu inuwa da 'ya'yan da za su ci. Daga Kawu har maƙwabta, kowa ya san geron gindin gawo ya fi zangarniya.

A kusurwar gonar, dab da katangar gida, nan tsamiyar take. A wajenmu gona daban, itacen da ke cikinta daban, kowanne yana iya zama da mai shi. Ranar sunan Ya'u, Kawu ya ba Inna Laraba tsamiyar nan kyauta a gaban shaidu. Da ya rasu aka raba gado, gonar ta faɗo wa Ya'u, tsamiya kuwa tana nan ta Inna. Ba don kunu kaɗai take sonta ba. Inna tana da fuka tun tana yarinya. In ƙirjinta ya toshe, ɗaki ya gagare ta, sai ta ja tabarma zuwa gindin tsamiyar ta jingina, har numfashi ya dawo.

To, me Ya'u ya yi da rayuwarsa? Makaranta dai ya bar ta, wai malamin lissafi ba ya ƙaunarsa. Ya tafi Kongolam, bakin iyakar Nijar, fatauci, ya dawo da baƙin tabarau da sabuwar tafiya, kaya kuwa oho. Ya yi achaɓa, ya ce iska tana sa masa ciwon kai. Ya bi 'yan siyasa yana riƙe musu lasifika, zaɓe ya wuce suka manta da sunansa. A duk wannan yawon abu ɗaya yake nema, a ce shi ne wane. Ba arziki ba, ba sana'a ba. A kira shi shugaba, a ga sunansa a rubuce inda masu wucewa za su karanta.

Ana nan sai wata ƙungiya ta zo garin, suka ce suna farfaɗo da ƙasar da hamada ta cinye. Maganarsu gaskiya ce. Damina ta lalace mana, ruwa ya makara, in ya zo kuma ya zo da hauka, zafin bazara ya wuce wanda muka sani muna yara. Suka ce a nuna musu matacciyar ƙasa su dasa itatuwa, a kafa allo, a naɗa wanda zai kula da wurin. Akwai fako a arewacin garin, ƙasa ƙeƙasasshiya wadda ko ciyawa ba ta fitowa, kuma ita mai gari ya yi niyyar nuna musu. Amma fakon yana nesa da titi. Wa zai ga allo a can? Ya'u ya riga kowa, ya bi su har mota, ya ce yana da fili a bakin titi wanda hamada ta gama da shi, ya bayar sadaka. Suka yi murna, suka ce za su dawo su gani.

Sai ya ɗauko Ɗantsoho mai injin yankan itace.

Ni ina aure a cikin Daura, ban ji labari da wuri ba. Ranar da na je gaida Inna na sauka a mota, sai na ɗauka direba ya wuce da ni. Kututture ne ko'ina, farare, wasu har suna tsatsafo da ruwa. Ya'u yana tsaye a tsakiya da tabaransa.

"Ya'u, ina gawon Kawu?"

"Barakatu ke nan! Ko gaisuwa babu? Ke da kika yi sakandare ai ya kamata ki fi kowa ganewa. Mutanen nan matacciyar ƙasa suke nema su raya. Wa zai zo ya raya gonar da take da ranta?"

"Shi ne ka kashe ta don su samu aikin yi?"

"Ba kashewa ba ne, shiri ne."

"Kai dai Allah wadaran kanka. Tun muna yara na san babu komai a cikinsa, amma ban zaci har iska ke kaɗawa ba."

Ya yi dariya, wai wasan taubasai nake. Ni kuwa na fi shekara ashirin da daina wasa da shi.

Gungumen da aka sare bai bar su sun tafi a banza ba. Ya jera su a bayan katanga, aka rufe da ciyawa da ƙasa, aka cinna wuta, gawayi zai yi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da inda ake ƙona gawayi ya san hayaƙinsa. Ba ya tashi sama, rarrafe yake, ya shiga ɗaki, ya shiga randa, ya shiga tufafi. Wannan tudun ya huce a tone, a haɗa wani. Matarsa Madina ta ga 'ya'yanta suna tari ido jawur, ta kwashe su ta tafi gidansu a garin Babban Mutum. Inna Laraba ta ƙi motsi. Wa zai dafa wa Auta? Sai ta koma wuni a gindin tsamiya, don nan ne kaɗai iska ke ɗan juyawa.

Ita ma tsamiyar ta tsone masa ido. Ya ce a hoto za ta ɓata masa lissafi, baƙi za su ga kore. Ya ce wa Ɗantsoho ya sa mata inji. Ɗantsoho ya kashe injinsa ya rataya.

"Ranka ya daɗe shugaba, gawo dai na sare maka. Amma tsamiya, gidan mutanen ɓoye, ga kuma mai ita zaune a gindinta? Nemi wani. Ni ina da iyali."

Ya'u ya je wajen Inna yana marairaicewa kamar yadda ya saba. Ta ce, "Auta, ka bar mini ita. Nan nake samun numfashi." Tun da ta haife shi, ranar ce ta fara ce masa a'a.

Ba a daɗe ba fukar ta kayar da ita. Maƙwabta suka kawo ta asibiti a Daura, ni na yi jinyarta. Likita ya ce hayaƙi ne ya tayar da ciwon, in ana son ranta a raba ta da shi. Ya'u ya zo dubiya sau ɗaya, ya tsaya daga bakin ƙofa yana amsa waya, ya ce aiki ya yi masa yawa. Ashe aikin da yake yi ke nan: ya ɗauki gatari da hannunsa, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba, ya zagaye gindin tsamiyar ya ɓare ɓawonta har ya kai farin itace. Dabararsa ita ce, a garinmu ba a tambayar izini a kan busasshen itace. In ta mutu da kanta, babu wanda zai ce shi ya sare tsamiyar uwarsa.

Damina ta sauka, ya hana a shuka komai a gonar don ta ƙara kama da matacciya. Baƙin kuma ba su zo ba sai da ruwa ya ɗauke, a wannan zafin na kaka mai sa mutum ya rasa inda zai sa kansa. Tsamiya kuwa tana da taurin rai. Ranar taron tarbar baƙin tana nan shar da ganyenta.

Inna, wadda ke jinya a wajena tun da aka sallame ta daga asibiti, ta matsa sai an kai ta ta ga ranar Auta, na raka ta. An kafa rumfar tamfol a tsakiyar fili, ta ɗauki zafi kamar tanda. Kafin a gama addu'ar buɗe taro baƙi sun fara fifita da takarda. Sai wata daga cikinsu ta ja kujerarta zuwa gindin tsamiya, saura suka bi, har mai hoto. Shugaba Ya'u, wanda ba ya son rana, ya ɗauko lasifika ya biyo su da sauri. A inuwar itacen da ya yanke wa wuya ya tsaya ya yi jawabinsa.

Kai jama'a, da kun ji shi! Wai iskar kabon ta cika sararin samaniya, ita ke dumama duniya. Wai itace ne yake shanye ta ya ba mu iska mai kyau. Wai duk wanda ya sare itace ya sare numfashin jikokinsa, kuma hayaƙi guba ne ga tsofaffi da yara. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, a aji muka karanta shi, shi kuwa a takardar baƙin ya haddace. Aka yi ta tafi. Uwarsa tana gefe da abin shaƙa a hannu, ita ma tana tafi.

An ɗaura wani farin ƙyalle a gindin tsamiyar, an rubuta a dasa itace a ceci rai. Na ga an ɗaura shi ƙasa-ƙasa, inda ba mai karantawa sai ya sunkuya. Na matsa na ɗaga gefensa. Ga rauni nan ya zagaye itacen, ya yi baƙi, tururuwa na shiga suna fita.

Na miƙe, na buɗe baki zan yi magana, sai na ji an riƙe mini gefen mayafi. Inna ce. Ta ga abin da na gani.

"Barakatu, don girman Allah. Kada ki tona masa asiri a gaban baƙi."

"Inna, kin ga abin da ya yi miki kuwa?"

"Na gani. Zauna."

Na zauna. Aka je aka dasa 'yan tsirran darbejiya a layi, mai hoto yana bi. Yaran da Ya'u ya tara ba wanda ya gaya musu a cire leda, haka suka binne su da ledojinsu a busasshiyar ƙasa. Aka kafa allo da sunansa manya-manya. Baƙi suka shiga mota. Wanda rana ta bari a cikin tsirran, awaki suka ƙarasa, don ba a kewaye ko ɗaya da ƙaya ba.

Daga wurin taron na wuce da Inna gidana, ban ko bari ta shiga ɗaukar kaya ba. Tana nan wajena har yau. Ƙirjinta ya yi sauƙi, amma in ciwon ya motsa sai na ga tana waige-waige a tsakar gida, tana neman inda za ta jingina.

Tsamiyar ta zubar da ganye da rani, damina ta zagayo ba ta sake toho ba. Ya'u ya je zai sa mata gatari, mai gari ya aika aka dakatar da shi. Ya ce kowa ya ga raunin nan, wannan ba mutuwar Allah da Annabi ba ce, kuma mai itacen tana raye, ya je ya nemi izininta. Sai ga shi a gidana da ledar lemo.

Ya durƙusa a gaban Inna, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, ai ta riga ta bushe. Tsayuwarta ba amfani. In na ƙona ta, buhunan gawayin da za ta bayar..."

Na san Inna. Ba za ta iya ce masa a'a sau biyu a rayuwa ɗaya ba. Sai ta ce, "Ai ba tawa ba ce yanzu, Auta. Na ba Barakatu."

Ni ma a lokacin na fara ji. Ya juyo yana washe baki.

"To ai shi ke nan, abu ya zo gida. Taubashiyata ta kaina! Ke me za ki yi da mataccen itace?"

"Kallo zan sa a yi."

"Haba Barakatu, bar wasa."

"Ka ga alamar wasa a fuskata? Ko reshe ɗaya ka karya, a gaban alƙali za mu haɗu. Ɗauki lemonka, Inna ba ta shan sanyi."

Tsamiyar tana nan tsaye. Ruwa da rana sun cinye fentin allon, sunansa ya goge, ba mai iya karanta ko harafi. Amma 'yan kamasho suna kiransa kullum a tasha, masu zuwa kasuwar Dutsi suna kiransa, har yaran da ba su san fuskarsa ba. Gonar kuwa iska ta kwashe ƙasar samanta, ta koma fako na gaske, irin wanda baƙin suka zo nema.

An ce mini yanzu in zai shiga Daura ba ya tsayawa jiran mota a nan. Sai ya taka a ƙasa cikin rana har mararraba ta gaba, don kada ya ji direba ya faɗi sunan wurin.