Ɗigo Uku a Goshin Jirgin Yaƙi

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wani maƙwabcinmu mai zuwa Dubai sarin kaya. Kwana arba'in ke nan da rasuwar ƙanena, a can kuma aka yi masa sutura. Inna ba ta nemi tufafinsa ba. Cewa ta yi, "Ka zo mini da abin da hannunsa ya yi."

Mun sauka a wani ƙaramin otal a Al Buteen, kusa da bakin ruwa. Shayi dirhami ɗaya ne, kofin bai fi kurɓi uku ba. Maƙwabcina ya ce wannan ai ɗanɗano ne. Washegari muka hau tasi zuwa Al Quoz. Titi sumul babu rami, amma unguwar duk sito ne da ƙarar injuna.

A wani shagon zane a nan ƙanena ya yi shekara huɗu yana kwafar zanen yaƙin teku na mutanen da, ana kai wa otal-otal. Na daɗe ina kallo. Jirage masu bakin tagulla suna tunkuyar juna, sandunan tuƙi a jere kamar haƙoran mataji, igiyar ruwa a nannaɗe da ruwan zinare. Kowane jirgi da ido a goshinsa. Wani Bahaushen Gana mai haɗa firam ya ce a ganin mutanen da, da idon ne jirgi ke gane hanya.

Masu zanen su shida ne, kuma ba a sa suna. Na tambayi Bahaushen: Wanne zan kai wa Inna?

"Yaya, shwaiya, bi a hankali," in ji shi. "Marigayi bai taɓa zana ido ba. Ya ce shi ba zai kwaikwayi mai rai ba. Mai wurin ya yi faɗa har ya gaji, ya ce khalas, wato shi ke nan."

Muka yi ta ɗaga zane har bayan azahar. Can na ga wani jirgi mai jan filafilai. A gurbin ido akwai ɗigo uku a cure, irin wanda Babanmu ya koya mana sawa a ƙarshen aya. Sai na nemi wuri na zauna.

Na dawo gida da zanen ran Juma'a. Inna ba ta ko dubi yaƙin ba. Ta ɗora yatsa a kan ɗigon, ta ce, "Nasa ne. Kullum na saman ya fi girma."

Tafiyar ta koya mini cewa duk nisan da mutum ya yi, hannunsa ba ya mance gida. Allah Ya jiƙansa.