Ranar da Nicasio Ya Ga Barewa Ya Kama Bakinsa

A ƙauyenmu, kudu da garin Peto, in ka ji ana shewa a ƙofar kanti, to Nicasio Dzul ne ke ba da labari. Manomin masara ne kamar kowa, maharbi kamar ubansa, amma bakin nan nasa ba shi da marfi. Zomo ɗaya zai harbo, sai ya yi ta zuba maka labarinsa har wainar masararka ta huce a hannu. Matarsa Porfiria takan ce ko cikin barci bai taɓa barin kunnenta ya huta ba.

Sai dai labaran nasa duk sun tsufa, don barewa ta ƙare a dajin gari. Mu muka ƙarar da ita, ba wani ba. Al'adarmu ce, wanda ya ga sawu ya faɗa, ranar Lahadi a fito gayya, maza da karnuka, wasu su koro wasu su tare, a raba nama kowa ya samu. Gayya bayan gayya har daji ya yi fayau.

Daji ɗaya ya rage, na mijin wata tsohuwa, Doña Eduviges. Tun Nicasio na saurayi mutumin ya kewaye shi da waya, bai bar kowa ya sa ƙafa ba. Bayan rasuwarsa Nicasio ya gyara wa tsohuwar jinkar ɗakinta, sai ta ce, "Don Nicasio, ka daɗe kana leƙen dajin nan kamar mai leƙen tukunyar maƙwabta. Je ka shiga, kai da duk wanda ka ga dama."

Kafin ya isa gida rabin gari ya ji.

Washegari da sassafe ya ɗauki adda da gora, bai ɗauki bindiga ba, don ranar dubawa ce. A bakin waya ya dama kunun masara da zuma a ƙoƙo, ya rataye wa iskokin dajin a reshe, ya nemi izini kamar yadda ubansa ke yi. Sannan ya kutsa, yana ɗoki kamar yaro, shi da furfurarsa.

Bai yi nisa ba ya ga ƙaramin itace da ɓawonsa ya saɓule, inda namijin barewa ya goga ƙaho. Ya taɓa, da ɗanyen ruwa. Gaba kaɗan ga kashi, baƙi, yana sheƙi. Ya murza shi a yatsa yana dariya shi kaɗai. Ya bi siririyar hanyarsu har wani kwarmin dutse mai riƙe ruwan sama, taɓon gefensa kuwa sawu ne kan sawu, manya da ƙanana. Ya jiƙa yatsa ya gane inda iska take, ya koma ƙasan iska, ya ɗaga kai yana neman rassa biyun da za su ɗauki gadon lilon da zai yi kwanto a kai ranar farauta.

Yana cikin haka suka fito. Uwa da ɗanta a gaba, wasu a baya, can ƙarshe namiji mai ƙaho rassa-rassa. Suka dube shi, suka sunkuya suka sha ruwansu. Ba su san mutum ba. Nicasio ya ji ƙwalla ta cika masa ido don murna, har ya fara jera yadda zai faɗa a kanti. Nan take kuma gabansa ya faɗi. In ya buɗe baki, Lahadi ɗaya ta ishi gayya ta share waɗannan marasa wayo. In yana son bareyin nan su kai baɗi, dole ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

Da la'asar ya tarar da maza cike a ƙofar kanti suna jiransa.

"To, sarkin maharba, me ka samo mana?" in ji mai kanti.

"Ba komai. Sai kaska."

Ya wuce. Bai kai kwanar hanya ba amininsa Eleuterio, wanda ya riƙe masa ɗa ranar baftisma har suke kiran juna kwampa, ya cim masa yana haki.

"Kwampa, nawa ka gani?"

"Na ce maka kaska."

"Kai tafi can. Kai da zomo ke cinye maka yini, ka shiga dajin da ka yi shekaru kana mafarki, ka dawo da kalma biyu? Yanzu haka suna can suna kallon juna."

Nicasio ya riƙe hannunsa. "Kwampa, wallahi ko gudu ba su iya ba. Har da ɗan da bai bar nono ba. In aka sa musu karnuka, shi ke nan."

Eleuterio ma ya manta rabonsa da naman barewa, kuma bai ɓoye kwaɗayinsa ba, sai da ya haɗiye yawu. Can ya ce, "To in ƙarya za ka yi, ka yi ta irin taka. Koma."

Nicasio ya juya ya koma kanti. Ya zauna kan buhun masara, ya naɗe ƙafar wando, ya fara. Ya yi musu labarin kaskar da ta bi shi har hammata, da ƙayar da ta yaga masa wando a wurin da ba a faɗa, da yadda ya ɓata ya zaga itace ɗaya har ya fara gaishe shi. Maza suka yi ta riƙe ciki. Aka tsokane shi da tsufa, ya karɓa. Mai kanti ya share hawaye ya ce, "Ashe a banza mijin Doña Eduviges ya yi ta gadin dajin nan." Aka watse, ba wanda ya ambaci Lahadi.

Duk wanda ke wurin zai gaya maka Nicasio bai taɓa ba da labari mai daɗin na ranar ba. Shi kuwa ya tafi gida da labarin da ya fi shi daɗi a ciki, yana cin sa, ba halin faɗa.